Cinikin Biri a Sama Muke Yi da Sunan Hannun Jari

Wallahi abin nan ya ishe ni. Da wuya gari ya waye rana ta faɗi ba ka ga wani ya turo saƙo a waya ba, wai a yi maza a sayi hannun jarin kamfani kaza kafin Juma'a, domin "wani na ciki" ya tsegunta masa cewa farashi zai ninka. Wane ne na cikin? Oho. Me kamfanin yake sayarwa? Ba a sani ba. Bara riba ya ci ko faɗuwa ya yi? Shiru kake ji. Amma kafin la'asar sai ka tarar mutum goma sun amsa da "na shiga", har da mai tambayar ko ya sayar da babur ɗinsa ya ƙara a kai. Babur ɗin da yake ciyar da iyali da shi fa!

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, mu ba baƙin ciniki ba ne. Je ka kasuwar Dawanau ka tsaya kusa da mai sayen masara. Ba ya yarda da bakin buhu. Sai ya soka ƙarfe a sama, ya soka a tsakiya, ya soka a gindi, ya zuba a tafin hannu, ya hura, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza don ya ji ko ta bushe, sannan ya ɗaga kai ya tambayi kuɗi. Buhu ɗaya ke nan. To wannan mutumin, shi ɗin dai, shi ne zai danna waya ya tura kuɗin buhu ɗari cikin kamfanin da bai taɓa buɗe shafi ɗaya na lissafinsa ba, don kawai sunan mai kamfanin ya cika masa kunne, ko don wani yaro mai ƙaton agogo ya yi bidiyo a TikTok yana jingine da motar da ba tasa ba. Ina wayon ya tafi? Wa ya ce mana idan ciniki ya koma cikin waya sai a ajiye hankali a gida?

Kuma ba yau aka fara yi mana haka ba, shi ya sa nake jin zafin. A watan Yulin 2004, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Charles Soludo, ya umarci bankuna su ɗaga jarinsu daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun dunƙule sun koma 25. Daga ina kuɗin suka fito? Da yawa daga aljihunmu. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yadda aka cika rediyo da talabijin da talla, aka yi ta raba fom a cikin bankuna kamar ana rabon sadaka, ma'aikacin banki ya bi ka har shago yana roƙo. Farashi ya yi ta hawa, kowa ya zama gwani. Har ta kai banki ya ba ka bashi don ka sayi hannun jari, wani lokaci ma na shi bankin kansa, farashin ya ƙara tashi, a sake nuna maka tashin a ce ka gani ko? Ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ya haura maki 66,000, darajar hannayen jarin da ke cikinta ta kai kimanin naira tiriliyan 12.6. Shekara guda bayan nan kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aunin ya zube. Ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan Babban Bankin da ya gaji Soludo, Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su mutu da kuɗin masu ajiya. Bankunan da jiya-jiya suke karɓar lambobin yabo, suke shelar ribar biliyoyi. A 2010 kotu ta ɗaure tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, wata shida, aka ƙwace mata kadarori na kimanin naira biliyan 190. A Agustan 2011 aka soke lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, aka kafa wasu bankuna a kan gawarsu. Masu ajiya sun tsira. Masu hannun jari suka tashi da takarda.

Takardar nan na gan ta da idona a gidan wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin firamare da ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a wani banki. Tana cikin akwatin ƙarfe, an naɗe ta a leda tare da takardar gida, gefenta da zanen ado mai ruwan gwal, ga sunansa an buga da manyan baƙaƙe, ga adadin hannayen jarinsa, ga hatimi. Ko ninki ɗaya bai bari ta yi ba. Ba ta sayen ko ƙullin gishiri. Shekara talatin da biyar na alli da ƙura ke nan a cikin leda. Da na tambaye shi abin da ya sa ya zaɓi wannan bankin, ce min ya yi gininsu ya fi na kowa kyau a kan titin, kuma manajan yana gaishe shi da mutunci.

To ga shi kuma an sake kaɗa gangar. A Maris 2024 Babban Banki ya sake cewa a ƙara jari, naira biliyan 500 ga banki mai hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya, biliyan 50 ga na yanki. Bankuna suka sake fitowa kasuwa neman kuɗi, wannan karon ba ma sai ka taka ƙafa ka je ba, daga kan gado za ka saya. Ni ban ce kada a saya ba. Hannun jari hanya ce ta gaskiya ta tara dukiya, kuma mu a Arewa mun daɗe muna zaune a gefe ana rabon riba ba mu. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda ya sayi hannun jari ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin ne, da ribarsa da bashinsa da ɓarayin cikinsa in akwai. Ya za a yi ka shiga tarayya da mutanen da ba ka tambayi halinsu ba?

Kuma binciken nan ba wani tashin hankali ba ne. Duk kamfanin da aka yi wa rajista a kasuwar hannun jari ta NGX dole ne ya fitar da lissafinsa duk wata uku, sannan ya fitar da na shekara wanda masu binciken kuɗi na waje suka tantance. Kyauta ne. Yana shafin NGX, yana shafin kamfanin. Kuɗin datar da za ka sauke shi bai kai wanda kake ƙonawa a kallon bidiyon barkwanci na dare ɗaya ba. In ka nema ka ga kamfani ya shekara bai fitar da lissafi ba, ka riga ka sami amsarka, rufe wayar. NGX da kanta tana wallafa sunayen kamfanonin da suka makara da waɗanda ta ci tara. Mai gaskiya ba ya ɓoye littafinsa.

In ka sauke rahoton shekarar, kada ka tsaya a farkonsa. Shafukan farko ado ne: hoton shugaban kamfani ya sha babbar riga ko kwat yana murmushi, hoton ana miƙa wa marayu buhun shinkafa, jawabi mai daɗi wanda ko kamfanin yana cin wuta za a ce "an fuskanci ƙalubale". Wuce. Naman yana can baya, inda lambobi suke ƙanana-ƙanana kamar an rubuta don kada a karanta. Fara da tambayar da ko yaro zai yi: me suke sayarwa, wa yake saya? Siminti ne, sukari, kiran waya, taki, inshora? In ba za ka iya bayyana wa mai ɗakinka ko maigidanki yadda kamfanin yake samun kuɗi cikin jimla biyu ba, to ba ka gane shi ba, kuma abin da ba ka gane ba bai cancanci guminka ba. Daga nan ka nemi taƙaitaccen lissafin shekara biyar, yawanci yana can wajen ƙarshe a shafi guda. Ciniki yana ƙaruwa? Riba fa? Kuma ka auna ƙaruwar da tsadar rayuwa, domin a ƙarshen 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 34 cikin 100. Kamfanin da yake tinƙaho cinikinsa ya ƙaru da kashi 15 a irin wannan shekara, baya ya ci, ko da kuwa an buga labarin da jan baƙi a jarida.

Sai bashi. Nan ne nake so ka zauna ka daɗe. Nawa ake bin su, kuma da wane kuɗi, naira ko dala? Wannan tambaya guda ɗaya da ta ceci mutane da yawa daga hawan jini. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira, dalar da ake lissafawa a kan naira ɗari huɗu da 'yan kai ta doshi ɗari tara kafin shekara ta ƙare, ta wuce 1,500 a 2024. MTN Nigeria, kamfanin da layinsa yake aljihun kusan kowa, ya yi cinikin sama da naira tiriliyan 2 a 2023, amma ya rufe shekarar da asarar kimanin biliyan 137, a 2024 kuma asarar ta kai wajen biliyan 400. Nestle ma ya faɗi a 2023, haka Dangote Sugar. Ba don mutane sun daina kira ko sun daina shan shayi ba. Nauyin dala ne a wuyansu, kuma wannan nauyin a rubuce yake cikin bayanan lissafinsu tun kafin naira ta faɗi, ga duk mai son gani. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu ƙashin da za su miƙe, amma wanda ya saya yana jiran rabon riba don ya biya kuɗin makarantar yara, wa zai gaya wa makarantar ta jira? Girman suna ba ya biyan bashi.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce to malam, ai bankunan 2008 ma sun fitar da lissafi, kuma ƙarya ce a ciki. Gaskiyarka. Ba ma su kaɗai ba. A ƙarshen 2006 aka gano Cadbury Nigeria, masu Bournvita da Tom Tom, sun yi shekaru suna kumbura lissafinsu da abin da ya kai naira biliyan 13, aka kori manajan darakta da daraktan kuɗi, daga baya hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta hukunta kamfanin da wasu daraktoci har da masu binciken kuɗin da suka sa hannu. To don littafi yana iya yin ƙarya sai a daina karantawa? A'a, sai a karanta da idon mai neman ɓarawo. Ribar takarda da sauƙin ƙirƙira, tsabar kuɗi kuwa da wuya. Akwai shafi guda da yake nuna ainihin kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita. In ka ga shekara uku a jere ana shelar riba amma kuɗin da ciniki ya kawo a hannu ba ya ko kusa da ita, bashin da kamfanin yake bin 'yan kasuwa kuma kullum ƙara tudu yake, to da walakin. Duba ko suna rabon riba ga masu hannun jari a kai a kai, kuma daga aljihunsu suke biya ko rance suke ciyowa su raba don a yi musu tafi. Karanta wasiƙar masu binciken kuɗi, shafi uku ko huɗu ce kawai. In suka ce suna da ja a kan wani adadi, ko suna shakkar kamfanin zai iya ci gaba da tsayuwa da ƙafarsa, to sun gaya maka gaskiya cikin ladabi, saura ya rage naka. Sannan ka leƙa sashen da yake bayyana hulɗar kamfani da daraktocinsa da 'yan'uwansu. A banki, nan ne za ka ga bashin da masu gida suka ba kansu. Kura ce aka ba ajiyar nama, kuma doka ta tilasta mata ta rubuta nawa ta ci. Mu ne ba ma dubawa.

Wani abin haushin kuma, yadda muke ruɗar kanmu da araha. Sai ka ji mutum yana murna wai ya sami hannun jari na kwabo 50, ya kwashi dubu ɗari biyu, shi a dole ya zama babban mai jari, yana yi wa wanda ya sayi ƙwaya ɗari na naira 300 kallon wawa. Araha ba ta ado. Farashin ƙwaya ɗaya ba ya gaya maka komai sai ka gwada shi da ribar da ƙwayar take samarwa, kuma wannan adadin yana nan a ƙasan shafin riba. A ce ƙwaya tana samar da naira 2 a shekara ana sayar da ita naira 60: shekara talatin ke nan kafin ribar ta mayar maka da kuɗinka, in komai ya tsaya yadda yake. Wata kuma tana samar da naira 50 ana sayar da ita 300, shekara shida. Wacce ce mai tsadar? Lissafin 'yan aji huɗu ne wannan. Ka kuma duba ko ana cinikin hannun jarin kullum, domin akwai kamfanonin da mutum ɗaya ko gida ɗaya ya riƙe kusan duka, ɗan abin da ya rage a kasuwa kaɗan ne, 'yan tsiraru suna iya tura farashinsa sama yadda suka ga dama. Shiga da sauƙi. Ranar da matarka take asibiti kana neman mai saya, ranar za ka san inda ka shiga.

Mu kuma da muke cewa muna gudun haram, ina binciken namu? Mutum zai tayar da jijiyar wuya a majalisa a kan kuɗin ruwa, gobe ya sayi hannun jarin kamfanin da bai san ko giya yake yi ko caca ba, don an ce yana tashi. Alhali an sauƙaƙa. Tun 2012 kasuwar take da ma'aunin Lotus na kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar shari'a. Bankin Jaiz yana kasuwar tun 2017, a shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk na naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Malaman da suke wannan tacewa suna duba sana'ar kamfani, su duba kada bashinsa mai ruwa ya wuce wajen kashi ɗaya cikin uku, kada kuma abin da yake samu ta hanyar da ba ta halatta ba ya wuce kashi 5 cikin 100. Amma a kula, halaccin sana'a bai hana faɗuwa ba. Kamfanin halal ma sai an buɗe littafinsa.

Duk wannan ma ina magana ne a kan kamfanoni na gaske. Su kuwa 'yan damfara, har na gaji da kirga su. MMM ta daskare da kuɗin mutane a Disambar 2016, aka yi kuka, aka yi rantsuwa ba za a ƙara ba. A Afrilun 2025 CBEX ta rufe da kuɗin jama'a bayan ta yi alkawarin ninka wa mutum kuɗinsa cikin kwana talatin. Kwana talatin! Wace sana'a ce a duniya take haka, in ba a ɗauki kuɗin na baya a biya na gaba ba? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Alhali SEC tana da jerin dillalai da kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta, duba suna bai fi minti biyu ba. Takardar rajistar kasuwanci ta CAC da suke ɗaga maka a bidiyo ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce, mai shagon ɗinki ma yana da ita. Dillali na gaskiya zai buɗe maka asusu a CSCS, ma'ajiyar hannayen jari, da sunanka, ka riƙa ganin abin da ka mallaka da idonka. Wanda ya ce ka turo kuɗi asusunsa na kansa zai "juya maka", to ka yi sallama da kuɗin tun kafin ka tura.

Ba zan ɗora wa talaka laifin duka ba, domin su ma masu kasuwar da hukumominta suna da nasu kason, babba ma. Lokacin neman kuɗinmu sun iya Hausa sarai. Talla da Hausa, kiɗa da Hausa, har da karin magana. Amma rahoton da zai nuna mana inda kuɗin suka shiga, shafi ɗari biyu ne na Turancin akantoci wanda mai digiri ma sai ya yi gumi. Me zai hana SEC ta wajabta wa duk kamfanin da ya yi talla da harshenmu ya fitar da taƙaitaccen lissafi na shafi biyu da harshen nan, ciniki kaza, riba kaza, bashi kaza, na dala kaza, abin da daraktoci suka ci kaza? Nawa zai ci musu? Bai kai kuɗin abincin taron shekara guda ba, taron da ake yi a otal a Legas ko Abuja, a raba wa 'yan amshin shata jaka da laima su ɗaga hannu a amince da komai cikin awa ɗaya. Ga kuma ribar masu hannun jari da ba a karɓa ba, wadda SEC ta ce ta kai wajen naira biliyan 190 a 2023. A cikinta akwai haƙƙin marayu da zawarawan da mahaifinsu ko mijinsu ya rasu bai gaya wa kowa ya saya ba, ko ya gaya musu amma aka yi ta yawo da su tsakanin magatakardan kamfani da kotu har suka haƙura.

Saboda haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in an sake turo maka sunan kamfani yau da dare aka ce ka yi sauri, ka mayar wa mai turowar da tambaya: nawa suka ci riba bara, nawa ake bin su, yaushe suka yi rabon riba na ƙarshe? In ya fara kame-kame yana cewa dama za ta wuce ka, bar ta ta wuce. Sauke rahoton, in Turancin ya yi maka nauyi ka kai wa ɗanka ko wani akanta da ka yarda da shi ku zauna ku duba tare. Kada ka zuba kuɗin cefane, kada ka ci bashi don ka saya, kada ka tara komai a kamfani ɗaya komai kyan gininsa. Abin da ka saya kuma ka rubuta shi a takarda ka nuna wa iyalinka tun kana da rai.